Goyon Abdulsalami

Da Abdulsalami ya faɗo daga bishiyar mangwaro a bayan rugarsu ta Kwandere, da ka ya sauka. Shekararsa shida. Yana kwance yana ihu, wuya a karkace, ƙafafu sai harbin iska suke yi.

Uwarsa Usaina ta yar da ƙwaryar nono ta zo a guje. To, me uwa ta sani in ɗanta ya ji ciwo, in ba goyo ba? Ta sungume shi ta saɓa a baya, ta ɗaure zani tamau, ta tare mai mashin. Ga mutane cike da wurin, kowa sai "sannu, sannu", amma ko mutum ɗaya bai ce a bar yaron a kwance a nemo katako ba. Kai, abin haushi!

Hanyar garin Lafiya kuwa, Allah ya sawwaƙe, rami na bin rami. Duk wanda mashin ya faɗa, sai kan yaron ya yi baya, ya dawo ya bugi kafaɗarta. Yana kuka yana shurinta da dugadugai. Dab da shiga gari shurin ya tsaya. Usaina ta sauke ajiyar zuciya, ta ce, "Alhamdu lillahi, sauƙi ya fara samuwa."

A asibiti wata nas mai suna Vera ta hango su, ta ɗora hannu a ka.

"Mama, kar ki kwance zanin nan! Tsaya yadda kike!"

Taruwa aka yi aka sauke shi, wani na tallabe da kan kamar ƙwai. Bayan an ɗauki hoton wuyan, likita ya kira Usaina.

"Da ya faɗo, yana motsa ƙafa?"

"Sosai ma, likita! Har shurina yake yi a hanya, sai daga baya ya daina."

Da murnarta ta faɗa, a zatonta albishir ne. Likita ya dubi Vera, Vera ta sunkuyar da kai. Usaina ba ta yi boko ba, amma ba wawuya ba ce. Ta dubi likita.

"Zai yi tafiya?"

"Ƙashin wuya ya goce, ya danne laka. Sai dai addu'a, Mama."

Da likita da Vera suka fita, Usaina ta yaye mayafin da aka rufa wa yaron, ta kama tafin ƙafarsa ta mintsina. Ta ƙara, da ƙarfi, har farcenta ya fito da jini, hawaye na zuba, tana roƙon Allah yaron ya yi ihu.

Abdulsalami yana kallon silin. Ya ce, "Inna, me kike yi a can?"