Littafin Mahajjata na Hindawiyya

A gidan Alhaji Abdulmajid da ke unguwar Hindawiyya a ƙasar Hijaz akwai wani littafi mai bangon fata wanda kakansa ya fara rubutawa. A cikinsa akwai sunayen Hausawan da suka tako da ƙafa daga Katsina zuwa Hijaz, har da waɗanda suka rasu a hanya. Shekara arba'in ke nan yana hannun Alhaji, littafin bai taɓa fita ƙofar gida ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar, jikarsa Arwa ta shigo da baƙo, Dakta Rafi'u, malamin jami'a daga Nijeriya mai binciken addinai da siyasa. Buƙatarsa ita ce ya ɗauki hoton shafukan.

Alhaji ya zuba masa shayi a hankali, yana karantar fuskarsa.

"An ce ka yi shekara shida a Amurka kana nazarin waɗansu mutane, Mormon."

"Haka ne, Baba."

"An kuma ce suna tattara sunayen matattu, su shiga ruwa a madadinsu, wai su sa su a addininsu."

"Galibi kakanninsu suke yi wa. Ni kuwa nazarinsu nake yi, ba na cikinsu."

"Ya jaddi, halas! Kaka, ya isa haka mana," in ji Arwa. "A masallacinku fa ya yi azahar."

"Ke da ba ki iya kiran sunan Katsina daidai ba, zauna."

Alhaji ya dubi wayar da ke kan gwiwar baƙon. Hoto in ya shiga cikinta, wa ya san inda zai kwana? Waɗannan bayin Allah sun cika da shahada a bakinsu, kuma shi aka bar wa amanarsu.

"A zamanin mahaifina wani mai bincike ya zo da irin wannan buƙata," ya ce. "Sharaɗin da aka gindaya masa shi zan gindaya maka. Rubuta sunan mahaifinka da na kakanka a shafin ƙarshe. Duk inda namu suka je, naka na tare da su."

Dakta ya karɓi alƙalami ya rubuta, amma sai da ya ɗan tsaya tukuna. Wannan tsayawar ba ta wuce idon Alhaji ba.

Alhaji ya buɗe littafin daga farko, ya nuna masa garuruwa da shekaru.

"Bismillah, ɗauka."

Shafi bayan shafi Dakta yana ɗauka, tafin hannun Alhaji kuwa na kife a kan sunayen.