Rai Ɗaya a Bakin Gada

Muna ƙoƙarin shigar da shi bayan motar haya, ni da mai kantin layinmu da wani mai wucewa, ƙafarsa ta dama tana jan ƙasa kamar ba tasa ba, sai ya damƙi wuyan rigata da hannun hagu. Bakinsa ya karkace, yawu yana bin gemunsa.

"Injin," ya ce. "Kar... a kashe."

"Wane inji kuma ana ta rai?" in ji mai kanti. "Sakar masa riga, Mai Kaset, asibiti za mu."

Bai saki ba sai da na ce na ji. Motar ta tashi, ni kuwa na shiga gidansa, na tura ƙofar ɗakin da ya faɗi a bakinta.

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Mai Kaset. Ya yi aiki a gidan waya, sashen ƙunshin kaya, har ya yi ritaya. A can ya fara ganin injin gem, na wasan da ake yi a talabijin, a wani kwali da mai shi bai zo ya karɓa ba aka yi gwanjonsa. Tun daga nan ya kamu. Duk inda ya ji an sauke tsofaffin kayan lantarki, yana can yana tono kamar kaza a juji. Ɗakin nan ya cika shi da kantoci har rufi, kowane inji da mayafinsa. Akwai mai ruwan toka kamar sandar sabulu, akwai baƙi mai goshin katako, akwai mai bindigar roba, akwai na aljihu da fuskarsa ta yi kore kamar ruwan kududdufi. Kaset-kaset kuwa a jere suke kamar haƙora. Kafin ya sa ɗaya sai ya hura bakinsa sau biyu ya shinshina.

Ni sana'ata ɗinkin katifa ce, kafin idona ya yi rauni. Ina da gwangwanin makullan da aka rasa ƙofofinsu, da dutse mai huda a tsakiya, da cokali mai baki biyu. Wannan ne ya haɗa mu. Ni kaɗai yake bari in zauna a ɗakin, a kan wata kujera 'yar tsugunno, hannuwana a cinya. Kallo kawai. Ko mayafi bai taɓa bari na ɗaga ba.

A cikin wasannin duka akwai ɗaya da ya gagare shi tun 'yarsa tana goye. Wani ɗan mutum ne da bai fi tsawon yatsa ba, riƙe da fitila, yana ratsa kogo. In ya daɗe a wuri, man fitilar ya ƙare, duhu ya cinye shi. Injin kuma tsohon yayi ne.

"Ba shi da tuni," ya taɓa ce mini. "Ka kashe shi, ya manta da kai, ka koma bakin kogo. Kamar 'yan uwa."

Ranar nan da na shiga, talabijin ɗin mai ƙugu tana kunne. Ɗan mutumin yana tsaye a bakin wata karyayyar gada, ƙafa ɗaya a sama. A hayin gadar akwai ƙofa mai haske, wadda na sha jin labarinta ban taɓa gani ba. A kusurwar sama, inda ake nuna rayukan da suka rage, saura ɗaya. Ashe Mai Kaset ya kai ƙarshe ne, ya danna tsayawa, ya miƙe zai kira ni in shaida, jini ya buge shi a bakin ƙofa.

Wutar layinmu ba ta da alkawari. Saboda haka ya haɗa injin da batirin mota da wani akwati mai ƙugi, ya ajiye batiri na biyu a gefe. Na sha ganin yadda yake maƙala sabon kafin ya cire tsohon. Wannan ya zama aikina. In akwatin ya fara kuka, in canza, in ɗora wanda ya mutu a baro in tura wurin mai caji. Bayana yana ƙara, baron yana ƙara. Sauran lokaci ina zaune ina kallon ɗan mutumin. Har tausayi yake ba ni, ƙafa a sama babu hutu. Wani lokaci nakan ga kamar ya ɗan sauke ta in na juya.

Ana cikin haka 'yar Mai Kaset ta zo da mijinta ɗaukar barguna. Ita ke nan gare shi, tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Mijin dillalin gidaje ne, mutum mai yawan turare da dariya. Shi ya fara leƙowa.

"A'a, Kawu, kai ne sabon mai gadin bola?" Ya dubi wayoyin. "To kashe talabijin ɗin mana, ka bar injin. Ita ce ke shanye maka batiri."

"In gilashin ya yi duhu, ina ɗan mutumin zai tsaya?" na ce.

Ya yi dariya har da dafa bango. "Zo ki ji. Ashe ciwon yana tsallaka katanga."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a dokin ƙofa, yatsun ƙafarta daidai kan layin siminti.

"Shigo mana, 'yata," na ce.

"Nan ce iyakata, Kawu. Tun ina rarrafe." Ta ɗaga hannun dama, ta nuna mini ɗan yatsanta da ya lanƙwashe. "Wancan mai bindigar na taɓa. Da murfin akwati ya datse mini."

"Zafin zuciya ne na ƙuruciya. Ya wuce."

"Ranar da Inna ta faɗi a tsakar gida, ni na zo nan ina kiransa. Ka san me ya ce? Bari in kai wurin tsayawa." Ta dubi gilashin. "Wannan wasan ne ma. Na san kiɗansa."

Mijin ya ƙwanƙwasa batirin da takalmi, ya ce wannan zai yi wa motarsa daidai, suka tafi.

Na je asibiti sau da dama. Duk zuwa, da ido yake tambayata, in ce masa yana nan, ƙafa a sama. Sai ɓarin fuskarsa mai rai ya ɗan motsa. Ma'aikaciyar ɗakin ta ɗauka wani jika muke zance, har ta ce a gaishe shi.

Da likitoci suka ga babu abin da za su ƙara, suka ce a kai shi gida. Da hantsi aka sauke shi a keken marasa lafiya, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Suka nufi ɗakin kwana da shi, ya sa ƙafar hagu ya tokare bango. Yana gurnani, yana nuna ɗakin injuna da haɓa.

"Kai shi," in ji 'yar.

Mijin ya tura keken har gaban talabijin. Mai Kaset ya ga gadar, ya ga ƙofar, hawaye ya zubo daga ido ɗaya. Na ɗauko abin dannawar, wanda suke kira hannu, da gefen rigata don kada in taɓa, na ɗora masa a cinya. Ya kama da hagu. Amma tafiya a ɓangare ɗaya take, tsalle a ɗayan, dole sai hannu biyu. Ya yi ta kallon hannunsa na dama da ke kwance kamar mataccen kifi.

"Ko in gwada maka?" na ce.

Ya girgiza kai da ƙarfi. Ya san hannuna rawa yake yi, ko zare ba na iya zurawa. Ya juya wuya da ƙyar wajen ƙofa.

"Uwata," ya ce. Haka yake kiranta in yana son abu. "Zo... yi mini."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta cire takalmi, ta tsallake layin simintin, ta shigo. Ta bi kantocin da ido ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙuwa a gidan kallo. Ta karɓi hannun daga cinyarsa, ta juya shi gaba da baya.

"Ashe ba shi da nauyi," ta ce. "Wanne ne na tashinsa, Baba?"

"Tsa... kiya."

"Na tsalle fa?"

Ya buɗe baki, harshen ya ƙi. Ya sake gwadawa, yawu ya zubo.

"Ka ga da ka koya mini," ta ce.

Ta danna na tsakiya. Kiɗan ya tashi, siriri kamar kukan sauro, ɗan mutumin ya sauke ƙafarsa. Ni har na ji daɗi a raina. Sai ta sunkuya, ta ɗora hannun gem ɗin a kan mataccen hannun ubanta, ta gyara masa zama sosai, ta ja da baya.

"Ga kayanka. Ba abin wasan yara ba ne."

Ya kai hagu da sauri, yatsunsa suka ture abin, ya zame daga cinyarsa ya faɗi ƙasa. Na yunƙura daga kujera.

"Kawu." Ba ta ɗaga murya ba. Ta taka wayar hannun gem ɗin da tafin ƙafa. "Ai ba a taɓa masa kaya. Kai ma ka sani."

"'Yata, ki dubi Allah. Tsalle ɗaya ne."

"Bari ya kai wurin tsayawa."

Hasken fitilar ya fara tsukewa. Da farko gefen kogon ya ɓace, sannan ƙofar, sannan rabin gadar. Mai Kaset yana miƙa hannu ƙasa, keken yana ƙara, yatsunsa ba su kai ba. Yana wani sauti da ban taɓa ji a bakin babban mutum ba. Hasken ya dawo kamar tsabar wake a kan ɗan mutumin, ya ɗauke. Wani kiɗa gajere ya yi. Sai ga bakin kogo, farkon wasa.

"To, an tashi daga sinima," in ji mijin. Ya tsuguna ya cire kan batirin. "Kawu, ina ɗayan? Yana wurin caji? Ka karɓo mini."

Ita ta tura keken zuwa ɗakin kwana. Ta share masa baki, ta canza masa riga, ta ba shi magani a cokali. Ba a ce ta gaza a jinya ba, ko sau ɗaya. Tana juya shi kan lokaci, tana wanke zannuwansa da hannunta. Shi dai ya mai da fuska bango, abinci sai an matse masa kumatu.

Na riƙa shiga ina zama a gefen gadon. Wata rana na ce masa zan koya, in ya ba ni izini, ko shekara zan yi sai na mai da shi bakin gadar. Bai juyo ba. Can ya ce wani abu, na kai kunne.

"Me... ke bayan... ƙofar?"

Ni na yi makonni ina kallon ƙofar nan, na riga na gina abin da ke bayanta a kaina. Na ce masa fili ne mai ciyawa, rana ta fito, ɗan mutumin ya hura fitilarsa ya ajiye, ya kwanta a gindin bishiya ya miƙe ƙafa. Na ce har da rafi.



"Ƙarya," ya ce. "Wawa."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Bayan kwana kaɗan, da safe, 'yar tana sharar tsakar gida, ta shiga da ruwan ɗumi ta tarar ya cika. Ta fito ta buga mini ƙofa ta ce, "Kawu, abokinka ya tafi." Tsintsiyar tana hannunta. Aka kai shi, mutane ba su da yawa. A hanyar dawowa mai kanti yana tambayar mijin ko za a ba da gidan haya.

Ba a yi mako biyu ba mijin ya kawo 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Na ce masa akwai masu neman irin waɗannan injuna ido rufe, Mai Kaset ya sha faɗa mini, har daga nesa suke aiko masa da tambaya. Ya ce shi ɗakin yake so kafin mai fenti ya zo. Na roƙi ɗaya, ko na aljihun nan. Ya dubi matarsa.

"Bai ba ka ba yana raye, Kawu," ta ce.

A ƙofar gida suka zube su. Suna sa guduma, suna ware allon ciki gefe, roba gefe. Mai goshin katakon sai da aka buga masa sau da yawa. Kaset-kaset ɗin aka ɗura a buhun siminti, ɗaya ya hau kai yana tattakawa don su zauna. Mayafan kuwa suka goge hannu da su. Talabijin ɗin suka fasa ƙugunta, suka zare jan ƙarfen, suka ce gilashin nauyin banza ne. Suka jingine shi a katangata suka tura kurarsu.

Da la'asar na fito da kujerata. Rana ta karkato ta bugi gilashin ta gefe. A cikin tokarsa, ba wuta ba waya, akwai wata inuwa da ta ƙone ta zauna: layin gada, da tabon ƙofa, da ɗan mutum tsaye a baki, ƙafa ɗaya a sama. Na matsar da kujerar kusa. Wata tunkiya ta zo ta shinshina gilashin, numfashinta ya rufe shi da tururi, ta wuce, tururin ya janye a hankali.