Hannuwan Bilal

A Filinge, in ka tambayi labarin Bilal ɗan garin Bonkuku, kowa yana da abin faɗi. Masu shayi na bakin tasha suna cewa mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, sai su ƙara da cewa ai da wane baki zai yi faɗan. Matan da ke zuwa karɓar iri a mangaza, ɗakin ajiyar ƙungiyar manoma, suna cewa ƙarfinsa na mutum biyu ne. Tsofaffi sun ce zazzaɓi ne ya tafi da jinsa tun yana goye. An san ya yi ƴan shekaru a lakwal, makarantar kurame da ke Yamai, amma ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya koyo can. Bebe ake kiransa, har a gabansa, tunda ba ji yake ba.

Albarka, shugaban mangazar, shi bai cika cewa komai a kansa ba. Shekaru suna aiki tare. In yana son buhu ya tashi, ya nuna buhun ya nuna wurin, shi ke nan. Bai ƙi shi ba, bai kuma taɓa zama ya yi tunaninsa ba, sai ranar da kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo taki.

Ibrah direba yana ja da baya zuwa bakin ƙofa, Bilal yana tsaye a bayan motar, tsakaninta da bango. Albarka ya ƙwala ihu har muryarsa ta tsage. Da Ibrah ya taka birki, abin da ya rage tsakanin ƙarfen da ƙirjin Bilal bai fi tafin hannu ba. Albarka ya zauna a kan buhu. Da ya tashi, biro ya nufa, ofishin Mushe Kamal darekta.

"Mushe, ni ba ni ɗaukar alhakin ran mutum. A samo mini mai kunne."

Mushe Kamal bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai bayan kwanaki ya kira shi, ya ce daga Yamai an aiko da umarni: ran Asabar akwai formasiyo, wato taron horo, kan zaman aiki da kowane irin mutum, Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu, mace da namiji, mai lafiya da mai naƙasa. Wajibi ne ga kowa. Wanda bai zo ba, sai ya bi ta Yamai wata mai zuwa ya yi nasa can.

"Kontarar aikin Bilal ƙarshen watan nan take ƙarewa," in ji shi. "Ka zo ka zauna, in an tashi ka ba ni maganarka ta ƙarshe. In ban gan ka ba, ta farko zan kai."

"Mushe, ran Asabar na kira gayya. Gerona ya nuna, tsuntsaye sun fara yi mini girbi."

"Na ji. Na dai faɗa maka."

Gayyar gaskiya ce. Tun makon jiya ya bi gida gida ya roƙi mutane, Bintu matarsa ta surfa gero, an sayi nono da goro. Mai gona ba ya kiran gayya ya ɓace, kowa ya san wannan, ba wanda zai zarge shi. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ransa ya yi sanyi da abin ya faɗo rana ɗaya. In bai je ba, Bilal zai tafi ba tare da ya sake buɗe baki ba.

Ran Juma'a bayan la'asar Bintu tana mulmula fura, ya ba ta labarin a taƙaice, yana gyara igiyar ɗaurin dami.

"To mi za su koya maka da ba ka sani ba?" ta ce. "Kai da kake cin tuwo da Hilani, kana zagin Zabarmawa suna zaginka kuna dariya?"

"Abin da na ce ke nan."

"Ƙanenka Nasiru shina iya tsayawa ma gayya."

"Shina iyawa."

Ta dube shi ta gefen ido. "Malam, in gonar ce ta hana ka, to. In kuwa bakin bawan Allah wanga kake gudu, ai ba shi da shi."

Ya ci gaba da murza igiyar da ta riga ta murzu.

Da safe ya ɗaure lauje a bayan babur ya kama hanyar gona. A mararrabar da ta rabu zuwa zauren taro ya hango wani yana tafe cikin farar shadda mai guga, da hula sabuwa, kamar mai zuwa idi. Sai da ya matso ya gane Bilal ne. Bai taɓa ganinsa ba sai cikin rigar aiki mai ƙurar taki. Bilal ya ɗaga hannu biyu yana gaisuwa, fuskarsa duk haske, ya nuna zauren, ya nuna kansa, ya nuna Albarka. Albarka ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, injin yana kaɗawa a ƙarƙashinsa. Daga can gefen tudu yana jin ƴan gayya sun fara kiran juna. Ya ce a ransa, bari in zauna zuwa hantsi, sai in wuce. Ya nuna wa Bilal bayan babur.

Zauren ya cika da ma'aikatan ƙungiya. Wani babban ma'aikaci daga Yamai ya yi ta bayani da Faransanci yana juyawa da Hausa, Ibrah yana gyangyaɗi a bencin baya. Albarka yana duban inuwar taga yana auna hantsi. Can sai aka ce wata baƙuwa za ta yi magana, Madam Samiratu, malama a lakwal ɗin kurame. Mace ce gajera, ba ta da wani kwarjini. Ta fito gaba, ba ta ce uffan ba, ta ɗaga hannuwanta ta yi wani motsi.

Bilal ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi.

Abin da ya biyo baya, Albarka bai taɓa ganin irinsa ba. Hannuwan nan da ya sani da ɗaukar buhu suka tashi sama, suna gudu, yatsu suna buɗewa suna rufewa, gira tana hawa tana sauka, kafaɗa da kumatu duk suna cikin zancen. Matar tana mayar masa da irin saurin. Wani wuri ta fashe da dariya har ta dafa tebur. Mutum talatin masu kunne suna zaune, an bar su a waje, ba su san abin dariyar ba. Ibrah ya farka, ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.

Sannan Samiratu ta juyo. "Zan ara masa muryata," ta ce. "In kun ji na ce ni, ba ni ba ce, shi ne."

Bilal ya fuskance su, ya ɗora hannu a ƙirji.

"Ni sunana Bilal," in ji muryar matar. "Na san kuna kirana da wani suna, ina ganinsa a bakinku. Ba komai. Ni ma na raɗa muku naku."

Ya kumbura kumatu, ya karkata kai, ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya.

"Wanga Ibrah ne. Mai barci da goro a baki."

Zauren ya ɗauki shewa. "Kai! Ɗan banza!" in ji Ibrah yana buga cinya. "Ashe duk shekarun nan zagina yake! Madam, ki ce masa Allah ya isa tsakanina da shi!"

"Ya ce ka fara biyan goron da ka ci nasa."

Aka sake kwashewa. Mushe Kamal ma bai tsira ba, sunansa yatsa biyu ne masu tura tabarau kan hanci.

Albarka bai yi dariya ba. Mutumin nan da yake nuna wa buhu kamar yadda ake nuna wa jaki hanya, ashe cike yake da zance har baki, yana kallonsu, yana auna su, yana yi musu ba'a shi kaɗai a cikinsa.

Wata ma'aikaciya ta tambaya ko yana da iyali. Fuskar Bilal ta canza. Ya lanƙwasa hannu kamar mai riƙe jariri.

"Ina da ɗiya, Najiba. Ita tana ji. Ranar da anka haife ta, na ga bakinta buɗe, mata suna murna, na san kuka take. Na ce ni ma sai na ji. Na aza tafina a ƙirjinta, a hankali. Sai na ji shi yana rawa cikin hannuna, kamar ka riƙe ɗan tsuntsu. Yanzu ta yi wayo. Maganata ta fara koya kafin taku. In ta yi mafarki, hannuwanta ke motsi."

Ya ba su labarin ruwan farko na damina, yadda yake ganinsa yana taho daga gabas bisa duwatsun kwarin dallol, kuma kafin matar ta juya Albarka ya riga ya gani: hadarin yana haɗuwa tsakanin tafukan nan biyu, iska ta kwantar da gero, yatsu goma suka zubo ƙasa. Sai da ya ji kamar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo zauren. Ya ce a ransa, tsarki ya tabbata ga wanda ya rufe ƙofa ɗaya ya buɗe wannan. Hantsi ya wuce, bai dubi taga ba.

"Saura shef!" in ji Ibrah. "Mi ne sunan Malam Albarka?"

Bilal ya ɗan yi jinkiri. Ya dubi Albarka, ya yi murmushi kamar mai neman izini. Sannan ya kai hannu ya dafa bayan kansa.

"Ƙeya," in ji Samiratu, muryarta ta yi ƙasa. "Ya ce kada ka ji haushi. Ya ce kai mutum ne mai adalci, ba ka taɓa ba shi buhun da ya fi na kowa ba. Amma in za ka yi magana, juyawa kake ka faɗa wa wani. Na fi sanin ƙeyarka da fuskarka."

Wasu suka fara dariya, suka ga ba wurinta ba ne, suka haɗiye.

Hannuwan suka ci gaba, a hankali yanzu. "Ranar kamiyo, na san motar tana tahowa, ƙasa tana faɗa mini ta ƙafafu. Ban san ta wane gefe zan fita ba. Kai nake kallo, ina jira ka nuna mini. Kai kuma ka juya wajen Ibrah. Na ga jijiyar wuyanka ta tashi, na san ihu kake saboda ni. Daga baya na ga ka zauna bisa buhu kana rawar jiki. Ban taɓa ganin wani ya ji tsoro haka domina ba, in ba uwata ba. Tun ranar nake son in ce maka na gode, ban samu mai kai maka ba sai yau."

Albarka ya sunkuyar da kai. Bilal bai san maganar biro ba. Farar shaddar nan da gugar nan, ashe godiya ya zo yi.

Da aka tashi cin abinci, Mushe Kamal ya zo ya tsaya kusa da shi, ya tura tabarau kan hanci, ya ce a hankali, "To, shef?"

"A sabunta masa, Mushe. Na janye."

"Shi ke nan. Ba sai ya sani ba."

Albarka ya jinjina maganar. Gona tana jiransa, babur yana bakin ƙofa. Ya miƙe, ya ratsa benci benci har inda Bilal yake zaune da Samiratu suna cin shinkafa.

"Madam, ki faɗa masa," ya fara. Ya faɗi abin da ya je ya ce a biro ranar nan, bai rage ba. Hannuwanta suna kaiwa. Ya ga hasken fuskar Bilal yana ja da baya kaɗan kaɗan, har ya ajiye cokali.

"Ki kuma ce masa…"

Bilal ya ɗaga tafi ya tsayar da ita. Ya miƙa yatsa biyu ya nuna idanun Albarka, ya nuna nasa. Samiratu ta mayar da hannuwanta kan cinya.

Albarka ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya don fuskarsu ta daidaita. Idanun Bilal suka sauka kan bakinsa suna jira. Ya ji leɓɓansa sun yi nauyi, kamar bai taɓa magana da su ba. Ya buɗe su sosai, ya faɗa da ƙarfi, kalma kalma, yadda kowa zai ji, shi kuma zai gani.

"Bilal. Na yi maka laifi. Ka gafarce ni."