Kyandir Yana Ci a Gida

Dobrila ta sake ɗaga ƙyallen da ta rufe burodin da shi, ta leƙa, ta mayar. Yana nan yadda ya fito daga tanda da safe, kewayayye, da kitson ƙullu a gefensa. Kyandir ɗin Waliyyi Nikola yana ci a tsakiyar tebur. Rana ta karkata, kifi ya fara hucewa, baƙi kuma sun fara satar kallon juna.

"Dobrila, mu yanka kawai," in ji Ratko, yana shafa tumbinsa. "Ni zan kama miki. Waliyyi ba zai yi fushi ba, amma cikina ya fara."

"Ɗan jira kaɗan. Tana hanya."

Ƙarya ta yi, kuma kowa a ɗakin ya sani. Yau ce slava, ranar waliyyin gidansu, bikin da uba ke bar wa ɗa. Mahaifinta Milutin bai haifi namiji ba, don haka ita ta gaje shi. Ƙa'idar ba ta da yawa. Mai gida ba ya zama muddin kyandir yana ci, kuma ba a taɓa burodi sai 'yan gida sun ɗora hannu sun juya shi tare, sannan a raba. Ita kuwa Dobrila ɗan gida guda ya rage mata a duniya, 'yarta Zorana. Tun yarinyar na ɗaga ƙafa don ta kai bakin tebur suke juya burodin nan su biyu.

A makon jiya Zorana ta bugo waya ta ce ƙungiyarsu ta 'ya'yan Afirka tana da taro, kuma ranar kaɗai aka ba su zaure. "Zan yi ƙoƙari, Mama," ta ce. Dobrila ta san 'yarta. In ta ce za ta yi ƙoƙari, ba za ta zo ba.

"Na gan ta a talabijin," in ji Ratko. Shi ne uban baftismar Zorana, shi ya zaɓa mata suna kamar yadda aka saba. "An naɗa ɗankwali kamar za a tari ruwan sama da shi. A ƙasa kuma an rubuta wai Esi. Ni na riƙe yarinyar nan a coci tana tsala ihu, na ce Zorana. Yanzu sunan da na sa mata bai yi ba."

"Sunan da babanta ke kiranta da shi ne," Dobrila ta ce, tana gyara cokulan da ba su karkace ba.

Stana maƙwabciya ta ajiye kofinta. "Ni fa alfaharin nan ne ban gane ba. Wa ya taɓa ce mata baƙa? Na rantse in na kalle ta ba na ganin launi, tamu ce. Yau da ni zan tara mutane in ce ina alfahari da farar fatata, ai da 'yan jarida sun cinye ni ɗanya."

"Faɗa mata dai," Ratko ya karɓa. "Mu da ba mu taɓa mallakar bawa ba. Mu ma ɗaruruwan shekaru muka yi a ƙarƙashin wasu, ba mu naɗa komai a ka ba. Yarinyar da aka haifa a asibitin bayan gidan nan, me ta sani a Afirka? Ko sauron can bai taɓa cizonta ba."

Aka yi dariya. Dobrila ma ta yi. Stanar nan da ba ta ganin launi, ita ce shekara da shekaru take kiran yarinyar "'yar cakulan ɗinmu", tana cusa yatsu cikin gashinta a gaban mutane. Amma a ƙasan ranta, Dobrila ma abin yana ci mata tuwo a ƙwarya. Kobina, mijinta, ya zo karatun injiniya daga Ghana a zamanin tsohuwar ƙasa, kafin ta rarrabu, ya rasu Zorana tana 'yar ƙarama. Ita ta yi ɗinki dare da rana ta raini yarinyar. Ita ta yi faɗa da 'yan'uwanta da suka ce 'yar baƙo ba ta gadon slava. Yanzu duk lokacin da ta ji 'yarta na cewa "tushenmu", sai ta ji kamar ana kankare rabinta ne daga jikin yarinyar. Kishi take yi da wata ƙasa da ba ta taɓa gani ba, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Ta ɗauko burodin ta naɗe shi cikin ƙyalle, ta saka wuƙa da 'yar kwalbar ruwan inabi a jaka, ta zura kwat ɗinta.

"Ina zuwa kuma?" Stana ta tambaya. "Mai gida na barin gida ranar slava?"

"Ku ci kifi, ga wake a tukunya. Kada dai wanda ya kashe kyandir."

Bas ɗin da ke haye kogi babu mutane sosai, kujeru fayau. Ta kama ƙarfe da hannu ɗaya, ta rungume burodin da ɗayan kamar jariri. Direba ya kalle ta ta madubi.

"Goggo, kujerun kyauta ne."

"Kyandir na ci," ta ce.

Ya gyaɗa kai. "To, barka da slava."

Zauren tsohon gidan sinima ne a wata unguwa da ta daɗe ba ta shiga ba. Tun daga matakala ta ji ganga. Da ta tura ƙofa sai ɗumi da ƙamshin shinkafa da barkono suka tare ta, irin ƙamshin da Kobina ke cika musu ɗaki da shi ranar Lahadi. Zauren ya cika. Akwai masu furfura da suka zo tun zamanin mijinta, akwai 'ya'yansu, akwai ɗalibai sababbin zuwa. Kawuna suka juyo, idanu suka sauka a kanta, suka ɗan tsaya, sannan suka koma. Ta ji fatar fuskarta kamar riga ce da ta saka bisa kuskure. Sai ya faɗo mata cewa haka Zorana ke shiga kowane ɗaki tun tana aji ɗaya.

Wata budurwa da ke tsaron ƙofa ta matso. Da jin yadda take jan harshen, ba ta daɗe a ƙasar ba.

"Mama, ajin rawa a sama yake."

"Nan na zo."

"To ga kujera, zauna."

Dobrila ta girgiza kai. Budurwar ta sake jawo kujerar har ta taɓa gwiwarta. Ta sake girgiza kai, ta ja da baya ta jingina da ginshiƙi. Ta so ta yi bayani, amma gangar ta yi ƙarfi.

"Ƙyale ta," budurwar ta ce wa ta kusa da ita, ba ta ko rage murya ba. "Kallo ta zo. Haka suke, su kalla su tafi, ba sa zama da mu."

Maganar ta yi mata ciwo fiye da duk abin da Ratko ya faɗa. Ta ƙara ƙanƙame burodin.

Gangar ta tsaya. Zorana ta fito tsakiyar fili cikin zane mai ruwan zinare da kore, ba ɗankwali yau, gashinta a tsaye yadda Allah ya yi shi. Dobrila ta tuna safiyoyin Litinin da ƙarfen miƙar da gashi, yarinyar na runtse ido, ita kuma tana cewa don kada yara su yi mata dariya ne. Gashin ya yi kyau. Ba ta san zai yi kyau haka ba.

Zorana ta ɗaga ƙwarya cike da ruwa. Ta ce za a kira waɗanda suka riga mu, kowa ya kira nasa, ita za ta fara. Ta ɗiga ruwa a cikin wani kasko na ƙasa.

"Kobina Essuman."

Zauren ya amsa da murya ɗaya. Ta kira uwar Kobina, ta kira kakansa, sunayen da Dobrila ba ta taɓa iya faɗa daidai ba. Ana ɗigawa ana amsawa. Dobrila ta tsaya tana jira, ta san abin da take jira, tana kuma tsoron kada ya ƙi zuwa. Ta riga ta fara juyawa wajen ƙofa.

"Milutin, kakana, mai gyaran jirgin ƙasa, wanda ya ɗauke ni a kafaɗa ya zaga unguwa da ni don kowa ya gani. Desanka, kakata."

Zauren ya amsa musu kamar yadda ya amsa wa sauran. Baƙaƙen mutane cike da ɗaki suna amsa wa Milutin, wanda ya yi shekara bai yi wa Kobina magana ba kafin jikar ta narkar da shi. Dobrila ta saurara ko akwai saura. Zorana ta miƙa ƙwaryar ga na gaba. Sai a lokacin ta gane cewa matattu kaɗai ake kira, kuma ta ji kunyar kanta, domin ta tsaya tana kishin matattu.

Zorana ta hango ta. Ta ratso mutane da sauri, ta dubi kujerar da babu kowa a kai, ta dubi ƙyallen.

"Mama. Kyandir na ci?"

"Yana ci."

"Kika bar baƙi?"

"Ratko na can, ba zai bari kifi ya lalace ba."

Zorana ta yi 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa. Ta ja uwar zuwa lungun da ake rataye kwat, inda babu kowa sai takalman da dusar ƙanƙara ta jiƙa. A kan wani benci suka buɗe burodin. Dobrila ta tsaga shi gicciye ta ƙasa, ta ɗiga ruwan inabi a kusurwa huɗu. Suka ɗora hannuwa, nata fari mai jijiyoyi, na 'yarta da awarwaro na duwatsu, suka juya shi a hankali, suna rera waƙar bikin ƙasa-ƙasa. Zorana ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Suka raba shi biyu, suka sumbace shi, suka sumbaci juna. Budurwar ƙofa ta leƙo, ta tsaya kaɗan, ta koma.

"Mu tafi, ko?" Dobrila ta ce. "Na ajiye miki kan kifi."

Zorana ta sunkuyar da kai. "Ni ke jan taron, Mama. Ba zan iya fita ba. Ki zauna mana, a ci abinci da ke."

"Kin san ba na zama."

"Na sani."

Suka tsaya, kowacce riƙe da rabinta. Daga ciki ana ci gaba da kiran sunaye.

"In na mutu," Dobrila ta ce, "za ki kira ni a can ciki?"

"Haba Mama, wace irin magana ce wannan?"

"Tambaya na yi."

"Ke zan fara kira. Kafin Baba ma."

Dobrila ta gyaɗa kai. Ta ji daɗi, kuma daɗin ya yi mata ɗaci, domin gurbin da aka tabbatar mata a cikin mutanen 'yarta sai ta bar duniya za ta shige shi. Ta naɗe rabinta a ƙyalle. Zorana ta ɗauki nata ta shiga da shi ciki, kuma kafin ƙofar ta rufe Dobrila ta ga tana gutsurawa tana miƙa wa budurwar nan.

Da ta iso gida magariba ta yi. Baƙi sun watse, Stana ta wanke kwanuka ta kife. Kyandir ya rage tsawon yatsa. Bisa al'ada yanzu sai ta ɗiga masa ruwan inabi ya mutu, ta samu ta zauna, ƙafafunta kuwa zugi suke yi. Ta ɗauki kwalbar, ta riƙe ta a saman harshen wutar. Can ƙasa ta ji ƙofar bene ta buɗe, wani ya fara hawowa, ya wuce hawa na biyu, ya shiga gidan maƙwabta. Ba Zorana ba ce.

Ta ajiye kwalbar, ta rufe kan kifin da faranti, ta ci gaba da tsayuwa.