Laburaren da Aka Bai wa Rozenn

Armelle Kervadec ta fi shekara ashirin tana koyar da tarihi a wata ƙaramar sakandare a garin Morlaix na ƙasar Faransa. Malama ce mai kwarjini, in ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa aji kan yi tsit. Amma ta gaji. Tsawa ta cinye mata maƙogwaro, gyaran takardun yara ya cinye mata ranakun hutu. Abu guda ranta ke so: laburaren makarantar, wanda ke hawan sama, inda yara ke zuwa da ƙafarsu ba sai an koro su ba. Monsieur Quéméner, tsohon da ke riƙe da ɗakin, ya kusa ritaya, kuma kowa ya san Armelle ta ɗora ido a kan kujerarsa.

Sai dai daɗewa a aiki ba ta kai mutum kujerar nan. Dole ya ci jarrabawar gasa ta ƙasa, a rubuce sannan da baki, ya yi shekarar gwaji, kafin a ba shi shaidar zama malamin laburare. Tsofaffin ma'aikata irin Armelle suna da tasu ƙofar, 'yan waje kuwa sai sun bi ta digiri na biyu. Armelle ta sayo littattafai ta jibge a teburin cin abinci, ta fara shiri.

A wannan lokacin ne ƙanwarta Rozenn ta dawo gari. Rozenn ita ce autar gidan, ba ta taɓa daɗewa a aiki ɗaya ba. Ta yi digiri ta ajiye shi a akwati, ta sayar da kifi a kasuwa, ta raba shayi a jirgin ruwan da ke zuwa Ingila, ta yi aure ta fito. Wata rana ta shigo gidan yayarta jiƙe da ruwan sama, ta ɗauki littafi ɗaya tana jujjuyawa.

"Yaya, wannan tulin duk na mene ne?"

"Na mutanen da suka iya zama wuri ɗaya ne. Ajiye, hannunki da ruwa."

Rozenn ta yi dariya, amma ba ta ajiye ba. Ta zauna ta karanta har shayinta ya huce. Ba a daɗe ba ta nemi gurbin digiri na biyu a jami'ar birnin Rennes, aka kuma ɗauke ta.

Armelle ba ta damu ba. Ta ce wa mijinta Gwendal, "Bar ta, kafin Kirsimeti za ta gaji." Har taimaka mata ta riƙa yi, tana gyara mata rubutu, tana jin daɗin zama babba. Kirsimeti ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Rozenn ba ta gaji ba. Armelle kuwa ta jinkirta shiga jarrabawar don ta shirya sosai, sai ya zama shekara ɗaya suka zauna, kowacce ta ƙofarta. Dukansu suka haye ta rubutu. A ta baki, alƙalan suka tambayi Armelle yadda za ta jawo yaron da ba ya son karatu, ta ba su amsa mai tsawo cike da hujjoji, ta ga ɗaya daga cikinsu yana duba agogo. Da sakamako ya fito, sunan Kervadec ɗaya ne a cikin waɗanda suka ci, kuma ba nata ba ne, na Rozenn ne.

Ranar Lahadi mahaifiyarsu ta gasa kaza, ta soya dankali da man shanu mai gishiri, ta fito da kwalbar ruwan tuffa da take ɓoyo saboda biki. Tana zuba wa Rozenn tana share hawaye.

"Auta, wa ya ce za ki zama mutum? Da babanku yana raye!" Sai ta juya. "Ke kuma Armelle, ci mana. Ai ke kina da aikinki, ba abin da kika rasa."

"Ina ci, Mama."

"Rabin abin nan na Yaya ne," in ji Rozenn, ta ɗaga kofi. "Ita ta koya mini."

Armelle ta yi murmushi, ta ɗaga nata kofin. Da Rozenn ta yi mata gori da ya fi mata sauƙi, ko ba komai da ta sami abin riƙewa. A mota Gwendal ya ce, "Kin yi ƙoƙari, wata shekarar kya ci." Ta ce masa ya dubi hanya.

Abin bai tsaya nan ba. Monsieur Quéméner ya yi ritaya, kujerarsa ta zama ba kowa, ma'aikatar ilimi kuma tana neman inda za ta ajiye masu shekarar gwaji. Duk makarantun yankin ba a ga inda za a kai Rozenn ba sai wannan ɗakin.

Ranar da aka koma makaranta Armelle ta ga ƙanwarta tana hawa bene da makullai a hannu, tana kaɗa su. A ɗakin malamai kowa sai ya tare ta.

"Ashe ƙanwarki ce! Ba kwa kama ko kaɗan. Ita akwai fara'a."

Rozenn ta ja kantoci ta sauya musu wuri, ta kawo tsofaffin kujeru masu laushi, ta ajiye littattafan zane a bakin ƙofa. Lokacin hutun rana layi kan kai har matakala. Armelle ta daina bi ta wannan ɓangaren. In an yi zancen laburaren sai ta ce, "Ya zama kasuwa. Da can wurin karatu ne." Wata rana a wani ajin manya, wata yarinya mai suna Maïwenn ta tambaye ta ko da gaske malamar sama ƙanwarta ce. Armelle ta ce, "Ƙwarai. Da can kifi take sayarwa." Yara suka fashe da dariya. Ta ji wani sanyi a ranta, ta ci gaba da darasi.

Da bazara ta kusa, aka sanar da Rozenn cewa sufeto za ta zo ta ga yadda take koyarwa, kuma rahotonta na cikin abin da za a duba kafin a ba ta shaida. Malamin laburare ba shi da ajin kansa, sai ya aro. Rozenn ta sauko ta sami yayarta a farfajiya.

"Yaya, taimake ni da ƙananan nan naki, 'yan aji ɗaya. Ranar Juma'a bayan abincin rana. Suna da natsuwa, ni kuma gabana faɗuwa yake."

Ƙananan ba su da komai a wannan lokacin, Armelle ta sani sarai. Ta ɗan yi kamar tana tunani.

"Kayya, suna da gwaji. Sai dai manyan, ajin su Maïwenn."

Duk makarantar an san ajin nan. Sun taɓa sa wani sabon malami kuka. Rozenn ta dubi yayarta na ɗan lokaci, ta ce, "To, kawo su."

Sufeton, Madam Thévenard, gajeruwar mace ce mai furfura. Ta zauna a can gefe da jakarta a cinya. Armelle ta shigo da ajin, ta nemi kujera a baya ta harɗe hannuwa. Darasin a kan yadda ake gane hoton ƙarya ne a cikin waɗanda ake yaɗawa ta waya. Rozenn ta fara bayani. Wani ya ja kujera da ƙara, wani ya yi kukan kyanwa, biyu suka fara ƙwace wa juna littafi. Rozenn ta ce "Don Allah ku saurara" har sau ba adadi, ba wanda ya ji. Ta dubi bayan ɗakin. Gyaran murya ɗaya daga Armelle ya isa. Armelle ta sunkuyar da kai tana duban takalminta. Daɗi take ji, ta kuma san daɗin take ji.

Sai Maïwenn ta toshe hanci ta ce da ƙarfi, "Kai, wa ke jin ƙarnin kifi a nan?"

Ajin ya rushe da dariya. Kunya ta kama Armelle, don ta san bakin da maganar ta fito. Rozenn ta ajiye takardun hannunta. Sannan ta riƙe ƙugu, ta buɗe murya irin wadda ba a taɓa ji a ɗakin ba.

"Kifi! Ɗanyen kifi na safiyar yau! Matso, 'yar uwa, gani kyauta ne!"

Yaran suka daskare, sannan suka kece da wata dariyar, amma wannan karon tare da ita. Ta nuna Maïwenn. "Ke mai hancin nan, taso. Tunda kin iya shinshina, zo ki shinshina mana hoton nan. Wa ya ɗauke shi, kuma yaushe?" Yarinyar ta taso tana jan ƙafa, ta tsaya gaban allo, ta ce inuwar mutumin ba ta yi daidai da ta motar ba. Wani ya ce ƙarya ne, wani ya ce gaskiya ne, gardama ta kaure a kan hoton. Darasin bai ƙare ba aka buga ƙararrawa, kuma rabin abin da Rozenn ta shirya ba ta taɓa shi ba.

Bayan yara sun fita Madam Thévenard ta ce farkon ya yi muni, kuma akwai gyara a tsarin lokaci. "Amma yawanci ƙanana masu ladabi ake jera mini. Na daɗe ban ga wadda ta yarda aka kawo mata irin waɗannan ba."

"Yayata ce ta zaɓa mini su," in ji Rozenn.

Sufeton ta juyo ta miƙa wa Armelle hannu. "Kin san abin da ƙanwarki za ta iya ke nan. Madalla."

Da ɗakin ya rage su biyu, Rozenn ta shiga mayar da kujeru wurinsu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na haɗu da ƙananan naki a fili ɗazu, suna buga ƙwallo. Gwajin ya yi sauri."

Rozenn ta tura wata kujerar wurinta, ta ci gaba.

"Ban nemi a kawo ni nan ba, Yaya. A takardar neman wuri ma wasu makarantun na fara rubutawa, don na san ɗakinki ne."

"Ba ɗakina ba ne. Ai ban ci ba."

"To ni ban hana ki ci ba."

Armelle ta ɗauki kujera ɗaya ta mayar, ta fita. Sun yi makonni gaisuwa kawai ke haɗa su. Mahaifiyarsu ta lura, ta tambaya, kowacce ta ce aiki ne ya yi yawa.

An ba Rozenn shaidarta a ƙarshen shekara. Amma sabon ma'aikaci ba ya zaɓen wuri, sai aka tura ta wata unguwa a bayan Paris. Laburaren kuwa aka bai wa wani mutum daga garin Brest wanda ya daɗe yana neman canji. Armelle ce ta kai ƙanwarta tashar jirgin ƙasa. Suka rungume juna sama-sama, Rozenn ta ce ta kula da Mama. A hanyar dawowa Armelle ta ji kamar an sauke mata kaya, sai kuma ta ji kunyar hakan, ta tsaya a gefen titi ta daɗe ba ta tayar da mota ba.

Cikin kaka Rozenn ta bugo waya wata Asabar da hantsi. Muryarta a dishe. Ta ce ɗakin da ta kama ƙanƙane ne, rufin laburaren yana yoyo, ba ta san kowa ba, jiya a bas ta yi kuka. Armelle ta saurara, tana jiran daɗin nan ya zo mata. Ya ɗan leƙo, bai zauna ba.

"Kina cin abinci kuwa?"

"Wani lokaci."

"Hutu mai zuwa zan zo. Mama za ta ba ni man shanu in kawo miki."

"Da gaske, Yaya? To ki zo ranar da makaranta ba ta rufe ba, ki ga yarana. Sun kafa ƙungiyar karatu da kansu, har shugaban makaranta ya ce zai ba mu ɗakin da ke kusa mu haɗa."

Armelle ta ji abin ya sake soke ta a inda ya saba. Ta matse wayar a kunne, ta ce, "Iye, har da ƙarin ɗaki." Sannan ta tambayi wane jirgi ne ya fi saurin kaiwa.