Ranar da Muka Fita Tarbar Baƙin Abuja

Shekarata shida ina koyarwa a makarantar 'ya'yan makiyaya da ke rugar Arɗo Hamma, can bayan Roni, amma wallahi har yau ban san takamaiman mai makarantar ba. Alli daga ƙaramar hukuma yake zuwa, littattafai daga Dutse, allon bakin ƙofa kuma sunan Abuja ne a jiki.

Ran nan sai ga takarda: jami'an ilimi na tarayya za su zo ran Laraba su duba ko muna da ɗalibai. In babu, a rufe, yara su koma Roni. Wace uwa za ta bar 'yarta ta yi tafiyar awa biyu kullum? In an rufe, karatu ya ƙare ke nan.

Na durƙusa na gai da Arɗo, na karanta masa.

"Malama Ikilima, Gwamna ne zai zo?"

"A'a, Baba, daga Abuja ne."

"To, sun fi Gwamna ke nan."

"Ba fin sa suka yi ba. Wato... aikinsu daban."

"Su suka turo ki nan?"

"A'a."

"Amma su za su rufe?"

Ni ma nan kaina ya ɗaure.

Arɗo ya ce a wurinsu abin kunya ne babban baƙo ya iso ƙofa ba a tarbe shi a hanya ba. Na so in musa, amma wa zai ja da dattijo a gaban jama'arsa? Kuma har ga Allah ni ma abin ya yi min daidai.

Laraba tun da hantsi muka kwashi yara kaf, an yi musu wanka, an shafe su da mai, mata ɗauke da ƙoren fura da nono, muka tsaya a mararrabar titin Kazaure. Duk farar motar da ta ɓullo sai yara su kama waƙar maraba. Har motar albasa sai da ta sha waƙa, direban yana ta waige.

Azahar ta yi, nono ya fara tsami, sai ga Kawu Ashiru mai sayar da magani a kan babur.

"Malama, me kuke yi a rana haka? Ai baƙinku tun ƙarfe goma suka zo. Ta hanyar Gwiwa suka biyo."

Innalillahi! Ban san sanda na yar da takalmi na ruga makaranta ba. Na iske aji a buɗe, littafin baƙi a kan tebur, an rubuta layi biyu da Turanci: sun zo, ba malami, ba ɗalibi ko ɗaya. Sa hannun kuwa kamar tonon kaza.

Washegari na je ƙaramar hukuma, suka ce ba su suka aiko ba. Na je Dutse, aka ce rahoto ya riga ya wuce sama. Na ce wane saman? Wani ya ce ofishin darakta, wani ya ce ai an canza daraktan, wani ya ce in rubuto. In rubuta wa wa? Takaici ya sa na zauna a kan matakala na yi kuka.

Da na dawo Arɗo ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Amma ai don girmama su muka fita, Malama. Ba a gaya musu ba?"

Na ce masa ban sami wanda zan gaya wa ba.

Yau sati uku da aka sa wa ajin kwaɗo. Kullum da safe yaran nan suna zuwa da jakunkunansu su tsaya a bakin ƙofa, su hamsin da uku, suna jira in buɗe.