Kayan Yunus Suna Cikin Leda

Ni na fara ganin farar motar nan ta kwano layinmu a Damanhur ta ƙasar Masar, tun kafin mai shago ya ɗaga kai. Shekara hamsin ina guga a bakin layin nan, ban san bihim ba, amma motar hukuma ko a mafarki na gan ta sai na gane. Na ce yau Insaf ta shiga uku.

Insaf tana tankaɗe aka buga mata ƙofa. 'Ya'ya biyu ta binne tun suna goye, sannan ita da mijinta suka yi wata goma sha huɗu suna sintiri a ofisoshi kafin gidan marayu ya ba su riƙon Yunus. Duk wata shida sai jami'a ta zo ta duba shi ta sa hannu. In ba ta sa ba, kuɗin tufafi ya tsaya, yaro kuma ya koma inda ya fito.

Jami'ar, Mirfat, da muke ce wa Abla don girmamawa, ta tarar da Yunus a tsakar gida cikin wata koɗaɗɗiyar riga mai faci uku. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zare murfin biro.

"Uwar Yunus, ina kuɗin kayan da ake ba ku?"

Insaf ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Riguna ne da wanduna da takalma, kowanne cikin ledarsa, da rasit manne a jiki.

"Ko fam ɗaya ban ci ba, Abla."

"To shago za ki buɗe? Me ya hana shi sawa?"

Insaf ta rage murya. "Wancan na jikinsa a gida bakwai na roƙo. Yaron da ya sa na roƙo ido ba ya kama shi. Waɗancan biyun da na binne, sababbi na sa musu."

"Allah ya jiƙansu. Amma takardar nan ba ta da gurbin ido, 'yar'uwa. Gurbi biyu ne: yana da sutura, ko ba shi da ita. Kuma da hoto ake haɗawa."

"Ki ɗauki hoton akwatin."

"Akwatin aka ba ki riƙo?"

Insaf ta dubi biron, ta dubi yaron. Ta yage leda da haƙori, ta fito da shuɗiyar riga. Sau biyu maɓalli yana kuɓuce mata. Yunus kuwa sai murna yake, yana shafa ƙirji.

"Ɗakin nan duhu," in ji Mirfat. "Fito da shi ƙofa."

A ƙofa mata sun cika tagogi, saboda motar. Insaf ta tsayar da shi a rana tana motsa baki da addu'a. Sai wata maƙwabciya, Sakina, wadda bakinta ba ya da linzami, ta leƙo daga sama.

"Ashe haka yaron nan yake da kyau? Kamar wata ɗan daren sha huɗu."

Ba ta ce masha Allah ba. Ni kaina sai da na ajiye dutsen guga.

Mirfat ta ɗauki hoto, ta sa hannu, ta buga hatimi. "Wata shida kin samu. Zan riƙa biyowa ba sanarwa, kada in sake ganin tsumman nan."

Motar ta tafi. Insaf ta zauna a dokin ƙofa, takardar a cinyarta, ko kallonta ba ta yi ba. Ta jawo Yunus, ta ɗora tafin hannu a goshinsa. Ta ɗauke, ta taɓa nata, ta sake mayarwa.

Masu takardu za su ce camfi ne. Uwata 'ya'ya biyar ta binne kafin ni, ta sa min na roƙo har na yi shekara bakwai, ga ni yau tamanin da haƙorana. Wanda ya isa ya zo bakin teburina ya faɗa min a fuska, in tambaye shi nawa ya binne.